Kura da Shan Bugu: Sharhi a kan Fim ɗin Makaɗan Motown

A shekara ta 1959 Berry Gordy ya kafa kamfanin faifai a birnin Detroit na ƙasar Amurka, wanda duniya ta sani da sunan Motown. Maimakon kowane mawaƙi ya zo da makaɗansa, sai kamfanin ya tara nasa makaɗan, akasarinsu daga gidajen kiɗan jaz na birnin. Su ne ake kira Funk Brothers. Aikinsu shi ne zama a ɗakin ɗaukar sauti su yi wa duk mawaƙin da aka kawo kiɗa: yau Supremes, gobe Temptations ko Stevie Wonder. Faifai ya fita da suna da hoton mawaƙi, makaɗi kuwa ko oho. Sai a 1971 aka buga sunayensu a jikin faifan Marvin Gaye mai suna What's Going On. Shekara guda bayan haka kamfanin ya ƙaura zuwa Los Angeles, taron ya watse.

Wannan tarihi ne Paul Justman ya ɗauko a fim ɗinsa Standing in the Shadows of Motown na 2002, wanda ya gina bisa littafin Allan Slutsky na 1989. Ƙarfin fim ɗin yana cikin bakin tsofaffin makaɗan da kansu. Suna hira, suna tsokanar juna, suna tuna waɗanda suka riga su, musamman James Jamerson, gwanin jita mai kaurin amo, wanda ya rasu a 1983 ba tare da jama'a sun san shi ba. Mai kallo zai gane cewa sautin da aka daɗe ana jingina wa kamfani, hannuwan mutane ne suka ƙera shi.

Sai dai fim ɗin ya yi tuya ya manta da albasa. Garin ɗaga makaɗa ya kusa nuna cewa kowa ma ya rera a kan kiɗansu waƙar za ta karɓu, alhali marubuta irin su Smokey Robinson suna da kaso babba. Haka kuma bai tsaya a kan Andantes ba, ƴan amshi mata uku waɗanda muryoyinsu suka cika fayafayan kamfanin, su ma ba suna. Ashe bayan inuwa akwai wata inuwar.

Duk da haka fim ɗin ya biya wani bashi. A 2004 aka ba Funk Brothers lambar girmamawa ta Grammy, amma a lokacin da yawa daga cikinsu ƙasa ta riga ta rufe musu ido.