Zama da Mutane: Hanyar Binciken da Ake Rainawa

Ilimin zamantakewa, wanda ɗalibai ke kira sosiyoloji, hanya biyu yake bi wajen sanin al'umma: ko a ƙirga mutane da takardar tambayoyi, ko a zauna da su har su saki jiki. Ta biyun ce ake yi wa kallon zaman hira, wai ba ta da alƙaluma. Masu wannan suka ba su tambayi ta inda aka san ƙasar Adar a rubuce ba.

A 1975 littattafai biyu suka fito a jerin Études Nigériennes na Yamai: na Djibo Hamani kan Adar kafin zuwan Turawa, da na Nicole Echard kan tarihin manomanta. Dukansu sun sha daga bakin dattawa. Echard ta ƙara da littafin bori a 1989. A 2001 aka kafa cibiyar LASDEL a Yamai, inda Jean-Pierre Olivier de Sardan da abokan aikinsa suka kai hanyar cikin asibiti da kotu da ofis. A 2015 Benedetta Rossi ta fitar da nata kan bauta da aikin furoje a Adar.

Ƙarfin hanyar yana cikin dabara guda: kada a karɓi amsar farko, kada kuma a ƙaryata ta. Misali, a tsaya a fadamar Galmi, cikin gundumar Malbaza, a tambayi mai albasa, "Gonar wa ce wannan?" Zai ce, "Tawa ce." Takarda gurbi ɗaya ta tanada, mai anketi ya cike ya wuce. Manomin bai yi ƙarya ba. Amma wanda ya zauna har cirar albasa zai iya tarar da cewa gonar gado ce da ba a raba ba, yayan manomin ya tafi bida Abijan, gefen rijiya yana hannun jingina, iri da man injin ban ruwa kuma ɗan kasuwa ne ya ba da bashi, za a biya shi da buhu lokacin da albasa ta fi araha. Ashe "tawa ce" na nufin "ni ke noma ta bana". Mutum huɗu ke da hannu a gona, takarda ta rubuta ɗaya, kwamfuta ta mayar da kuskuren kashi cikin ɗari.

Haka tambayar "Ku nawa ne a gidan nan?" take. Mutanen da kakanninsu suka san ƙirga a matsayin share fagen haraji ba sa amsa ta kai tsaye. In an ga alamar gwamnati adadin ya ragu, in an ga motar furoje ya ƙaru. A filayen noman rani na Ƙonni ma, masu shan ruwan madatsun Mozage da Zongo, abin da dokar kofaratif ta rubuta daban, yadda fili ke sauya hannu daban. Irin wannan tazara ce Olivier de Sardan ya raɗa wa suna ƙa'idojin aikace, wato dokar da kowa ke bi ba wanda ya rubuta.

Masu cewa shaidar ƙauye ɗaya ba ta isa hujja ba suna da rabin gaskiya, sai dai tara amsa dubu marar tushe ba ya mayar da ita gaskiya. Wanda bai zauna ba ma yana iya haɗa Illela ta Sarkin Adar da Illela ta jihar Sakkwato, wadda ke maƙwabtaka da Ƙonni.

Asalin maganar dai harshe ne. Gandu, aro, jingina, bida, barantaka, biki: kowace kalma nazari ce da jama'a suka riga suka yi wa kansu, kuma tafinta kan murƙushe su cikin kalmar Faransanci guda. Ɗalibin da ya tashi a Dogarawa ko Tsarnawa ya shigo jami'a da wannan jari, sai a koya masa ajiye shi a ƙofar aji. Littattafan da aka ambata duk da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta su, jikokin waɗanda suka ba da labarin kuwa akasari ba sa karanta su. Ya kamata Jami'ar Abdou Moumouni da Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa su wajabta wa ɗalibin wannan fanni zaman damina guda a gari, ya kuma karanta wa mutanen garin sakamakon da Hausa kafin a ba shi digiri.