Group Inerane: Ina Ƴan Amshi Suka Shiga?

Idan aka ce ƙungiyar mawaƙa ta watse, abin da muke fara tambaya shi ne wa ya ci kuɗin wa. Wannan tambayar ba ta da wurin zama a labarin Group Inerane ta Agadas. Yaƙi da mutuwa ne suka ɓalle mata ƙafafu, kasuwar waje kuma ta kwashe abin da ya rage.

Kiɗan nasu ba daga sama ya faɗo ba. Ana kiran shi kiɗan ishumar, kalmar da Abzinawa suka aro daga Faransanci, ma'anarta marasa aikin yi, suka lanƙwasa ta har ta zama sunan samarin da fari da talauci suka kora Aljeriya da Libiya. Mu ƴan yankin Arlit da Dannet mun san zancen: ana haƙo uranium a ƙarƙashin ƙafarka, kai kuwa kana zaman kashe wando. Abdallah Oumbadougou ne ya share wannan hanya a Nijar da ƙungiyarsa Takrist n'Akal, su Bibi Ahmed, jagoran Inerane, suka bi sawu.

A 2007 kamfanin Sublime Frequencies na Amurka ya fitar da faifansu na farko, Guitars from Agadez. Ku saurare shi da kyau. Jita biyu ce, ta Bibi da ta Adi Mohamed, sai ganga, sai mata ƴan amshi masu tafi da guɗa. Ɗaukar sautin ba ta da tsabta, lasifika har kuka take, amma daɗin yana nan: Bibi ya jefa baiti da Tamajak, matan su cafe su mayar mishi. Zance ne ake yi tsakanin mutane, irin na tende, irin na gidan biki. Rauninsa kuwa, wasu waƙoƙin suna tafiya a kan ƙafa ɗaya har su gundure ka in kana zaune; don masu rawa aka yi su.

To amma dubi sunan faifan. Jita aka ambata, ba a ambaci murya ba. Wanda bai jin Tamajak, abin da kunnensa ya kama shi yake saye, kuma jita ya kama. Tun daga nan aka fara ture matan gefe.

A shekarar dai, cikin Fabrairu, tawayen MNJ ya ɓarke da harin Iferwan, aka sa dokar ta-ɓaci a jihar Agadas. Cikin wannan rikici aka kashe Adi Mohamed. Da faifai na gaba ya fito a 2010, a Yamai aka ɗauke shi, kuma Koudede, wanda ya girma a Arlit, shi ya riƙe jita ta biyu. Wallahi hannunsa ya fi kaifi, kiɗan ya ƙara nauyi da saiti, ga jitar bas an ƙaro. Sai dai maza huɗu ne ke kiɗi, filin bikin nan ya tsuke ya koma dandamali. A nawa kunnen, na 2010 ya fi gwaninta, na 2007 ya fi rai. A Oktoban 2012 Koudede ma ya rasu a haɗarin mota yana dawowa daga Wagadugu. Allah ya jiƙan su. A 2019, faifan Adghah da sunan Bibi Ahmed kaɗai ya fito.

Ba Inerane kaɗai abin ya samu ba. Faifan Bombino na 2009 da sunan Group Bombino ya fito. Zuwa 2011 kalmar farko ta faɗi, saura mutum ɗaya. Kasuwar Turai da Amurka fuska ɗaya mai rawani take so a bangon faifai, tikitin jirgi huɗu kuma ya fi goma araha. Ban ga laifin Bibi ko Bombino ba, kowa da bakin da yake ciyarwa.

Abin da ya rage namu ne, mu masu jin harshen. Har yanzu ana amshi a bukukuwan Arlit da Akokan, wayoyinmu kuma suna ɗaukar sauti. Mu ɗauka, mu rubuta baitocin da Tifinar ko da boko, mu nemi izinin matan mu sa sunayensu kusa da na mai jita.