Jinjina ga Masu Girki da Tukunyar Ƙasa a Guangdong

Matan gida a lardin Guangdong da Hong Kong, a kudancin Sin, sun cancanci yabo kan yadda suke dafa kaza da laimar kwaɗi a tukunyar ƙasa. Girki ne da ba ya son gaggawa. Busasshiyar laimar kwaɗi nau'in shitake suke jiƙawa har ta yi laushi, kuma ba sa zubar da ruwan jiƙon, domin rabin ƙamshin yana cikinsa. Cinyar kaza ake yankawa ƙanana, a cuɗe ta da ruwan waken soya mai gishiri, ɗanyar citta, man riɗi da ɗan sitacin masara. Sitacin nan ne ke hana tsokar bushewa.

Gwanintar tana wajen wuta. Tukunyar ba ta jure zafin farat ɗaya, sai ta tsage, shi ya sa ake farawa da wuta kaɗan, wasu tukwanen ma har waya ake ɗaure musu. Idan da shinkafa a ƙasa, mai girkin kan karkata tukunyar gefe-gefe har ƙanzo ya kama ko'ina bai ƙone ba. A ganina ƙanzon nan ya fi naman daɗi. A tukunyar ake kai abincin gaban masu ci, an barbaɗa lawashi, yana ta tafasa.