Cinikin biri a sama da na yarda da shi

Ranar Lahadi 17 ga Nuwamban 2024, da ƙarfe tara na safe agogon Ingila, aka buɗe sayar da tikitin bikin waƙe-waƙe na Glastonbury na 2025. Minti arba'in ba su cika ba aka ce babu saura. Kowane tikiti fam 373.50 ne, ga fam biyar na ladan sayarwa a kai. Kuma a wannan safiyar babu ko mutum ɗaya cikin masu rububin da ya san wanda zai hau dandamali, domin ba a fitar da sunan mawaƙi ko guda ba. Sai bayan kwanaki aka ambaci Rod Stewart, a watan Janairu aka tabbatar da Neil Young, babbar fosta kuwa sai a Maris ta fito, ɗauke da The 1975 da Olivia Rodrigo a sahun gaba.

Duk wanda ya taso a kasuwa zai ce wannan cinikin biri a sama ne, kuma ni ma abin da na ce ke nan shekarar da na fara bin labarin. Yau ra'ayina ya sauya. Ina ganin a duk hanyoyin da ake sayar da tikitin bukukuwan bazarar Turawa, wannan ce ta fi mutunta mai saye, ta kuma fi mutunta waƙar kanta.

Sai an san yadda abin yake tafiya kafin a yanke masa hukunci. Ba a biyan kuɗin duka a Nuwamba. Kafin alƙalami ake bayarwa, wanda a tikitin 2025 fam 75 ne, sannan a cika ragowar a makon farko na Afrilu. Ke nan fostar sunaye tana fitowa tun mutum bai biya ciko ba. Wanda ya duba ya ga babu abin da ya ja ransa, sai ya janye, a mayar masa da kuɗinsa bayan an cire ɗan abin ɗawainiya, tikitinsa kuma ya koma kasuwa a sayarwa ta biyu da ake yi a cikin Afrilun, a kan farashinsa na asali. Tun 2007 kuma sai mutum ya yi rajista da hotonsa kafin ya saya, hoton nan ake bugawa a jikin tikitin. Wannan shi ya karya lagon 'yan baranda, masu kwashe tikiti su ɓoye, su fito da shi an ninka kuɗinsa sau uku ko huɗu.

Tsarin ma daga wuya aka koyo shi. A 2008 an sanar da Jay-Z a matsayin babban mawaƙi kafin a buɗe sayarwa. Noel Gallagher na ƙungiyar Oasis ya fito ya ce kiɗan hip-hop bai dace da bikin da aka gina kan jita ba, jaridu suka ɗauka, ga kuma taɓon da ya jiƙa mutane a 2007 bai bar zukata ba. Tikiti ya yi kwantai har gab da ranar buɗe ƙofa. Jay-Z ya zo ya yi wasan da har yau ake ba da labarinsa, amma masu shirya bikin sun ɗauki darasi: daga shekarar da ta biyo baya suka dawo da sayarwa zuwa ƙarshen shekara, da kafin alƙalami, tun babu sunan da za a yi gardama a kai.

Abin da ya fi damuna a al'adar sanar da jerin mawaƙa shi ne fostar kanta. Dubi kowace fosta ta babban biki: sunaye uku ko huɗu a sama da manyan haruffa, sai haruffan su riƙa ƙanƙancewa layi bayan layi har a kai ƙasa, inda sai ka matso da wayar kusa da ido. Wakilan mawaƙa kan yi ta ja-in-ja da masu biki a kan layin da za a sa sunan mutuminsu da girman harafinsa, saboda layin nan shi ne farashinsa na baɗi. Ranar da fosta ta fito, dukan surutun Facebook da X a kan layin farko yake ƙarewa. Wane ya tsufa, wance ba ta isa ba, bara ta fi bana. Mutum ɗari da ke ƙasa, waɗanda wasunsu suka shekara goma suna jiran wannan gayyata, babu mai waiwayar su. Mun koyi karanta waƙa kamar teburin gasar ƙwallo, mun bar sauraren ta.

Ba ina cewa layin farko ba shi da ma'ana ba. Lokacin da Stormzy ya rufe daren Juma'a a 2019, shi ne baƙar fata ɗan Birtaniya na farko da ya yi hakan shi kaɗai, kuma yaran kudancin Landan sun ga abin da iyayensu ba su gani ba. Da aka jera maza zalla a saman fostar 2023, Arctic Monkeys da Guns N' Roses da Elton John, ƙorafin da aka yi yana kan gaskiya, kuma a 2024 Dua Lipa da SZA suka karɓi biyu daga cikin darare ukun. Irin wannan muhawara tana da amfani. Amma bikin da ke tara mutum wajen dubu 200 a gona guda, na tsawon kwana biyar, da dandamali barkatai, ba a auna shi da mutum uku.

Mu da muke kallo daga nahiyar Afirka mun fi kowa sanin darajar ƙananan haruffa, domin a nan namu suka daɗe. Fela Kuti ya yi wasa a Glastonbury tun 1984, kuma faifan bidiyon yana nan ana kallo. Tinariwen, Buzayen arewacin Mali, sun hau dandamalin bikin a shekarun 2000, a gaban dubban mutanen da ba su san ko kalma ɗaya ta Tamashek ba. A 2024 Femi Kuti da Ayra Starr da Burna Boy duk sun taka babban dandamalin Pyramid. Da yawa cikin Turawan da suka tsaya gaban waɗannan mawaƙa ba don su suka sayi tikiti ba. Sun riga sun shigo, suna yawo tsakanin tantuna, kiɗa ya kira su suka tsaya. Wanda ya biya kuɗinsa don suna guda yakan kafe a gaban dandamali guda tun la'asar yana gadin wuri. Wanda ya biya don bikin kansa, kunnensa a buɗe yake.

To me ya sa mutane suka yarda su ba da kuɗi ba su ga kaya ba? Amana ce da aka tara a hankali. Michael Eavis, manomi mai kiwon shanun madara a gonar Worthy da ke ƙauyen Pilton a yankin Somerset, shi ya fara bikin a Satumban 1970. Tikiti fam ɗaya, har da madara kyauta, mutum kusan 1,500 suka zo. The Kinks da aka tallata ma ba su zo ba, Marc Bolan ne ya maye gurbinsu. Yanzu 'yarsa Emily ce ke riƙe da ragamar, kuma ta sha faɗa cewa abin da suke biyan manyan mawaƙa bai kama ƙafar abin da sauran bukukuwa ke biya ba. Mawaƙan suna zuwa ne don sunan wurin da kuma idon duniya da BBC ke kawowa. Wani kaso na ribar yana tafiya ga ƙungiyoyin Oxfam da Greenpeace da WaterAid.

Inda nake jin zafin abin shi ne wajen masu kwaikwayon salon ba tare da amanar ba. Yanzu kusan kowane biki yana buɗe tikitin 'yan sammako, ya ce a yi maza kafin kuɗi ya hau, alhali babu ƙofar janyewa in sunaye suka fito ba su yi wa mutum ba. Ƙarshen wannan hanya an gan shi a 2017 a tsibiran Bahamas, inda bikin Fyre ya sayar da hotuna da alkawura, jama'a suka sauka suka tarar da tantunan agaji, mai shirya shi Billy McFarland kuma aka yanke masa shekara shida a gidan yari. Ga kuma farashi mai hawa da sauka gwargwadon yawan masu nema. A ƙarshen Agustan 2024 masoya Oasis sun shafe sa'o'i a layin intanet, da suka iso gaba suka ga tikitin tsayuwa na wajen fam 150 ya haura 350, har hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta buɗe bincike. A Glastonbury na farkon layi da na ƙarshensa kuɗi ɗaya suke biya.

Duk da haka ba zan wanke shi tas ba. A 2019 tikitin fam 248 ne. Cikin shekara shida ya ƙaru da fiye da fam 120, kuma ba a sa kuɗin mota da tanti da abinci ba. Ɗalibi ko matashin da ke aikin kanti, wanda shi ne ainihin mai neman sabon kiɗa, shi ake fara tankaɗewa. Ƙananan bukukuwa kuma, inda mawaƙi ke koyon tsayuwa gaban jama'a kafin a san shi, suna ta mutuwa: fiye da 70 aka soke ko aka ɗage ko aka rufe a Birtaniya a 2024 kaɗai, bisa ƙidayar ƙungiyar masu bukukuwa masu zaman kansu. Su ba su da sunan da zai sayar da tikiti babu fosta, ba su kuma da kuɗin ɗauko sunan da zai cika fostar. In suka ƙare, ban ga inda layin ƙasa na fostar Glastonbury zai riƙa samun mutane ba, kuma wannan yana tayar mini da hankali ƙwarai.

An tsayar da 2026 a matsayin shekarar hutun gona, kamar yadda aka yi a 2012 da 2018. Babu tikiti, babu fosta, babu gardamar wa ya cancanci daren Asabar. A irin wannan shekara ciyawa kan tofo a inda dubban ƙafafu suka tattake, shanun Worthy su yi kiwonsu a gindin ƙarafan Pyramid har bazarar ta wuce.