Kwas ɗin wata uku ba zai maye gurbin digirin lissafi ba

Wani sabon yayi ya shigo wa matasan Kaduna, daga Kawo har Katabu da ke kan hanyar Zariya. Yaro ya gama sakandare, ko ya samu gurbin karatun lissafi ko ƙididdiga a Jami'ar Jihar Kaduna ko Jami'ar Ahmadu Bello, sai abokai su ce masa: ina amfanin shekara huɗu kana fama da allo da alli, alhali cikin wata uku za ka koyi nazarin alƙaluma a kwamfuta ka fara kama kuɗi? Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT a 2023, kwasa-kwasan Excel da Power BI da Python suka yawaita, wasu a intanet, wasu a ɗakunan haya. Koyon su abu ne mai kyau. Kuskuren shi ne ɗaukar su a madadin digirin, domin su suna koya wa hannu inda zai danna ne, shi kuwa digirin yana koya wa kai ya gane ranar da alƙaluma suka yi ƙarya.

Alƙaluma kuwa suna ruɗi ko babu mai niyyar ruɗarwa. A ce an tambayi mutum goma a bakin titin Katabu abin da suke samu a rana. Tara masu shayi da faci da tura baro ne, kowa dubu 5. Na goman mai tirela ne, dubu 205. Manhaja za ta haɗa ta raba, ta ce kowa na samun dubu 25, ta kuma zana hoto mai launi. Lissafin daidai ne, labarin ƙarya ne, domin tara daga cikin goma ba su ga ko rabin wannan kuɗi ba. Wanda ya yi ƙididdiga ya san a irin wannan hali a jera su ake yi a ɗauki na tsakiya. Zai kuma tambaya: su wa aka tambaya? Idan na bakin kwalta kaɗai aka tsayar, ina manoman da ke bayan gari, ina matan da ke sana'a a cikin gida? Manhaja ba ta yin wannan tambayar.

Abin bai tsaya a bakin titi ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi a Najeriya ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. A farkon 2023 sai ga shi ya koma 4.1. Ba masana'antu aka buɗe ba, ma'auni aka sauya: wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako yanzu mai aiki ne. Haka a 2014, da aka sauya shekarar da ake auna tattalin arziki da ita daga 1990 zuwa 2010, Najeriya ta wayi gari ta wuce Afirka ta Kudu a girman tattalin arziki. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuwa tun 2006 aka yi ta, don haka duk adadin da ake faɗa yau na mutanen Kaduna ƙiyasi ne da wani ya gina a kan zato. Jihar da ba ta da 'ya'yan da za su kwance irin wannan ƙiyasi su ga zaton da ke ƙarƙashinsa, duk abin da aka miƙo mata za ta karɓa, a rabon asibiti ne ko na makaranta.

Za a ce mai digirin lissafi ƙarshensa koyarwa. Da farko, koyarwar ba abin kunya ba ce a yankin da makarantu ke neman malamin lissafi ruwa a jallo. Sannan bankuna da kamfanonin inshora da na sadarwa da Hukumar Ƙididdiga ta Jihar Kaduna duk aikinsu a kan alƙaluma yake tsaye. Za a kuma ce ƙirƙirarriyar basira ta zo, tana warware kowace tambaya cikin daƙiƙa. Ai wannan hujja ce a kan gajeren kwas, domin aikin danne-danne shi na'ura ke fara ƙwacewa. Abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne tantance amsar da ta bayar, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ita kanta basirar a kan aljabara da ilimin yiwuwa aka gina ta, darussan da ɗalibi ke gunaguni a kansu a aji biyu.

Ƙorafin da ke da nauyi shi ne na jami'o'in kansu. Yajin aikin ASUU ya cinye wata tara a 2020, ya ƙara wata takwas a 2022, kuma ɗalibin da ya haddace ƙa'idoji bai taɓa sarrafa alƙaluman gaske a kwamfuta ba, karatunsa rabi ne. Maganin shi ne a gyara sassan: a ba ɗalibi bayanan asibiti ko na kasuwar hatsi ya yi aikin kammalawa da su, a sa rubuta manhaja cikin darasi tun ajin farko. Ɗalibi shi ma ya yi gajeren kwas ɗin a hutu, ya ɗora shi a kan digirinsa.

Lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Malaman zaure sun daɗe suna raba gado da sulusi da sumuni. Muhammadu Alkashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan jera lambobi a hatimi. Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975. Iyaye, idan JAMB ta ba ɗanku ko 'yarku gurbin lissafi ko ƙididdiga, kada ku ce an jefa shi inda babu. Ku biya kuɗin rajista, ku haɗa masa da kwamfuta ko da ta hannu ce.