Kunce a bakin mutanen Adar: labarin da ake farawa daga tsakiya

Duk wanda ya zauna hira da dattawan Madawa, Buza ko Keita, idan zance ya biyo ta kan Janar Seyni Kunce, abu biyu zai ji: hatsi da horo. Za a ce masa shi ne sojan da ya kifar da gwamnatin Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974, yunwa na cin ƙasa, ya sa aka kai cimaka har ƙauyuka. Mutumin Keita zai ƙara da aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a 1984 da taimakon Italiya, inda mata suka yi ta jera duwatsu a kan fako ana biyan su da abinci. Babu ƙarya a ciki. Sai dai kullum daga 1974 ake ɗauko labarin, kamar a daren nan aka haifi mutumin.

Adabi ma ya bi wannan sawu. Littafin Amadou Ousmane, 15 ans, ça suffit!, na 1977, labari ne na shari'ar wani babban ma'aikaci da ake tuhuma da cin taimakon abinci. Ya tona ruɓar tsohuwar gwamnati da gwaninta, amma tun daga sunansa ya riga ya yanke hukunci, kuma marubucin ya yi aikin jarida a fadar Kunce. Alƙalami ya tuhumi farar hula, bai tambayi mai kaki daga ina ya fito ba.

Ga inda ya fito. An haife shi a Fandu a 1931, ya shiga sojan Faransa a 1949, aka kai shi Indoshin da Aljeriya, wato yaƙe-yaƙe biyu da aka yi da masu neman ƴancin kansu. Sai a 1961 ya shigo rundunar Nijar. A Aljeriya kuwa, dabarar sojan Faransa ita ce a buɗe wa ƙauye asibiti da lakkol, a kuma sa masa ido dare da rana. A ganina, wanda ya san wannan ba zai yi mamakin mulkin Kunce ba. Hannun da ya raya Samariya don aikin gayya shi ne ya baza ƴan leƙen asiri ƙarƙashin Amadou Oumarou Bonkano. Mataimakinsa, Sani Souna Sido, an kama shi a 1975, a tsare ya mutu.

Malamin tarihi da ya buɗe darasi da buhun hatsi ya rufe da rasuwar Janar a Paris ran 10 ga Nuwamba 1987 ya tsallake shekara goma sha biyu na barikin Faransa. Ya kuma bar ɗalibi ba shi da abin da zai fahimci Oktoban 1983 da shi, lokacin da Bonkano, amintaccen da aka damƙa wa tsaron kowa, ya yi yunƙurin juyin mulki ya tsere daga ƙasar.