Fada da Kaɗaici: Sharhi a kan Littafin Masquelier daga Magariya da Dungas

A wannan maƙala za mu duba littafin Adeline Masquelier mai suna Fada, wanda jami'ar Shikago ta wallafa a 2019, mu auna shi da abin da ake gani a gundumomin Magariya da Dungas, cikin jahar Damagaram.

Marubuciyar ta yi bincikenta a Yamai da Dogondutsi. Ta nuna cewa fada, wato majalisar samari masu shan shayi da ta yaɗu a shekarun 1990 bayan rushewar samariyar zamanin Seyni Kunce, wuri ce da matashi marar aiki yake samun mutunci da abokan shawara. Abin da manya ke kira zaman kashe wando, ita ta ɗauke shi tsarin zamantakewa mai dokokinsa. A nan mun yarda da ita.

Sai dai littafin na birni ne, kuma na samari maza. A ƙauyukan Magariya da Dungas, da an gama girbi samari su kan tsallaka iyaka ta Babura ko Maigatari zuwa Kano cin rani. Wanda ya tafi ya kan sauka wurin ƴan garinsu, saboda haka da wuya ya rasa abokin hira. Kaɗaici ya fi kama waɗanda aka bari a gida: amarya a gidan surukai, da tsoho da gonarsa. Fada ba ta da gurbinsu.

Abu na biyu, shiga ƙungiya yana da kuɗinsa. Tun 1986 Guy Nicolas ya bayyana yadda biki a ƙasar Maraɗi yake bashi ne da dole a mayar. Haka adashe, haka kuma asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta soma a Maraɗi a 1991: kowace mace da zubinta. Wadda ta kasa zubi sau da yawa ta kan janye don kunya, ta daina zuwa suna da biki, ga ta cikin jama'a amma ba ta da kowa. Ke nan ƙungiyar da ke kare mai hali daga kaɗaici ita ce ke nuna wa marar hali matsayinsa.

A ganinmu, mai nazari a wannan yanki ya kamata ya bambance kaɗaici, wato rashin mutane, da kewa, wato rashin wani takamaiman mutum. Matar ɗan cin rani tana iya zama cikin adashe biyu, kewa kuma ta hana ta barci. Ƙirga ƙungiyoyin da mutum yake ciki bai isa ma'aunin jin daɗinsa ba. Abin da ya dace a tambaya shi ne: wa ya fita daga ƙungiyar, me ya fitar da shi, kuma wa ya bi sawunsa?